Kundin Farko na Mawaƙan Anime: Me Ya Sa "Birthday" na ClariS Ya Zo da Waƙoƙin da Aka Riga Aka Sani?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai kallon anime ne, kuma ta waƙar buɗe Madoka Magica na san ClariS. Kwanan nan na nemo kundinsu na farko mai suna Birthday ina ɗokin jin sabon abu, sai na tarar huɗu daga cikin waƙoƙin an riga an sake su tun kafin kundin ya fito. Wannan ba sayar wa mutum abu ɗaya sau biyu ba ne? Sannan waƙar da na sani a talabijin ba ta wuce minti ɗaya da rabi, a kundin kuwa ta haura minti huɗu. Wacce ce ta asalin? Na kuma ga kundin kala uku ne a kasuwa, kuma ko'ina na duba ban ga fuskar mawaƙan ba sai zane. Don Allah a warware mini, in zan saya wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyinka huɗu ne a fili, amma jijiyarsu ɗaya: kana auna kundin da ma'aunin mawaƙin da ke shiga sutudiyo ya kulle ƙofa ya fito da waƙa goma sha biyu sababbi. Mawaƙin da anime, wato finafinan zane na Japan, ya haifa ba haka yake fara sana'a ba. Waƙoƙinsa na farko odarsu ake ba shi, kowacce an ɗinka ta daidai jikin labarin wani, kuma sai ya tara uku ko huɗu irinsu kafin kamfani ya yarda ya kashe kuɗi a kan kundi mai sunansa. In ka riƙe wannan, tsawon waƙar da yawan kalolin faifan da ma ɓoye fuskar duk za su zauna maka.

ClariS ta fara ne da 'yan mata biyu daga Hokkaido, tsibirin arewacin Japan, masu laƙabin Clara da Alice. A ƙarshen 2009, suna ƙaramar sakandare, suka fara ɗora muryarsu a Nico Nico Douga, dandalin bidiyo na Japan, suna maimaita waƙoƙin anime da na Vocaloid, manhajar kwamfuta mai rera waƙa. Masu wannan al'ada suna kiranta utattemita, ma'ana "na gwada rerawa". Mujallar waƙoƙin anime mai suna LisAni! ta saka sabuwar waƙarsu "Drop" a faifan da ta haɗa da fitowarta ta watan Afrilun 2010, kafin ƙarshen shekarar kuma SME Records, ɗaya daga rassan Sony Music na Japan, ya ɗauke su. Daga nan singil huɗu, wato ƙaramin faifan da ake fitarwa don waƙa guda, suka biyo: "Irony" ranar 20 ga Oktoba 2010, "Connect" ranar 2 ga Fabrairu 2011, "Nexus" ranar 14 ga Satumba 2011, sai "Naisho no Hanashi" ranar 1 ga Fabrairu 2012. Birthday ya fito ranar 11 ga Afrilu 2012 da waƙa 12, waɗannan huɗun na ciki.

Yadda waƙa ke samun shiga anime

Yawancin anime na talabijin ba kamfani ɗaya ke zuba kuɗinsa ba. Ana kafa abin da suke kira seisaku iinkai, kwamitin masu zuba jari: mawallafin littafin da aka ɗauko labarin, mai sayar da faifan bidiyo, mai yin 'yan tsana da kayan tallan shirin, wani lokaci gidan talabijin, sannan kamfanin waƙa. Kowa ya sa hannun jarinsa, kowa kuma ya ɗauki hakkin ɓangaren da ya iya sayarwa. Irin waɗannan shirye-shirye bayan sha biyun dare ake nuna su, kuma galibi kwamitin ne ke sayen lokacin a wajen gidan talabijin. Ke nan nunin kansa talla ne. A wancan lokaci kwalliya tana biyan kuɗin sabulu ne daga baya, wajen cinikin faifan bidiyo da littafi da 'yar tsana da waƙa.

Abin da kamfanin waƙa ke samu a wannan ciniki shi ne gurbi biyu a kowane kashi, waƙar buɗewa da waƙar rufewa. Zango ɗaya wata uku ne, kashi 12 ko 13, kuma zangunan suna farawa a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Ka lissafa: mawaƙiyar da ba wanda ya san sunanta za ta shiga kunnen mutum ɗaya sau goma sha biyu a jere, kowane mako, manne da labarin da yake so. Wannan haɗin gwiwa shi suke kira taiappu. Shi ya sa singil ɗin kan fito makonni kaɗan bayan shirin ya fara, lokacin da kunne ya saba amma bai gundura ba. Duba kwanakin da na lissafa: shirin anime na Oreimo ya fara a farkon Oktoban 2010, "Irony" ta fito ranar 20 ga watan. Madoka Magica ya fara a Janairun 2011, "Connect" ta fito farkon Fabrairu. Nisemonogatari ya fara a Janairun 2012, "Naisho no Hanashi" ta fito farkon Fabrairu. "Nexus" ce kawai ba ta talabijin ba, ita an yi ta ne wa wasan bidiyo na Oreimo da kuma littafinsa na tara.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a jikin faifai. Duk shirye-shiryen nan uku suna da hannun kamfanin shirya anime mai suna Aniplex a ciki, Aniplex kuwa na Sony Music na Japan ne, kamar yadda SME Records yake. Tuwona maina ke nan. Ba laifi ba ne, haka kasuwar take, amma yana nuna maka dalilin da ya sa 'yan makaranta biyu da ba su taɓa hawa dandamali ba suka samu manyan gurabe uku cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Ƙungiyar mawaƙa ta Kalafina, waɗanda Yuki Kajiura ta kafa a 2007 don waƙoƙin jerin finafinan Kara no Kyoukai, ta wannan ƙofar suka bi, kuma kundinsu na farko, Seventh Heaven na watan Maris 2009, shi ma waƙoƙin finafinan ne ginshiƙinsa. A 2017 Sony ya tattara mawaƙansa irin waɗannan, har da ClariS da LiSA, ƙarƙashin reshe guda mai suna Sacra Music.

Daƙiƙa 89

Gurbin waƙar buɗewa minti ɗaya da rabi ne, daƙiƙa 90. Ana barin rabin daƙiƙa na shiru a farko da rabi a ƙarshe don kada sautin ya ci karo da talla ko da farkon kashin, sai ya rage daƙiƙa 89 na kiɗa. Wannan gajeriyar ita ce ka sani, kuma a harkar ana ce mata girman talabijin. Sau da yawa ita ake fara gamawa, domin mai tsara zanen buɗewa ba ya iya fara aiki sai da ita a kunnensa. Zane 24 ke shiga kowace daƙiƙa a lissafinsu, wato gurbi 2,160 a cikin daƙiƙa 90, kuma yana so inda ganga ta faɗi nan hoto zai yanke, inda amshi ya tashi nan jarumar za ta ruga da gudu. In aka canja wa waƙar gudu ko aka ƙara mata layi bayan an gama wannan tsari, aikin makonni ya lalace. Saboda haka ake kulle gajeriyar da wuri, doguwar kuma a ƙarasa ta kafin ranar buga faifai.

A cikin daƙiƙa 89 ɗin nan dole marubucin ya cusa cikakkiyar tafiya. Tsarin da suka saba shi ne ɗan gajeren kiɗan share fage, sai baitin farko da suke kira A-melo, mai natsuwa, sai B-melo wanda ke ɗaga murya yana ja ka sama, sai sabi, wato amshin da ake so ka tashi da shi a baki. Wasu waƙoƙin ba sa jira, da amshin suke buɗewa, "Connect" ma haka take. Doguwar da ke kundi tana maimaita wannan zagaye da sababbin kalmomi, ta ƙara wani baiti mai karin da ba ka ji ba a baya, sannan ta kwantar da kiɗan a rera amshin a hankali kafin a dawo da shi da ƙarfinsa na ƙarshe. Nan ne minti ɗaya da rabi ke komawa huɗu da ɗoriya.

To wacce ce ta asali? Dukansu. Gajeriyar ta shirin ce, doguwar ta mawaƙan ce. Abin da zan ce ka lura da shi shi ne zagaye na biyu, domin nan ake gane marubucin da ya yi aiki da wanda ya cika wuri. Tun da zagayen farko ne kaɗai zai hau talabijin, wasu marubutan a nan suke zuba duk basirarsu, na biyun ya zama maimaici. Wasu kuma a na biyun suke ɓoye abin da ba za a iya faɗa a farkon labari ba.

"Connect" ta Sho Watanabe misali ce mai kyau na waƙar da aka ɗinka wa labari. Wanda ya fara kallon Madoka Magica zai ɗauke ta waƙar fara'a ce ta yarinya mai burin zama jaruma, ga launuka masu haske, ga muryoyi biyu masu taushi. Sai a kashi na 10 masu shirin suka ɗauke ta daga farko suka kai ta ƙarshe, bayan an nuna wa mai kallo tarihin ɗaya daga cikin 'yan matan. Kalma ko ɗaya ba a canja ba, amma maganar alƙawarin da ke cikinta ta koma bakin wata daban, nauyinta kuma ya sauya gaba ɗaya. Ba zan ɓata wa wanda bai kalla ba. Abin da ya shafi tambayarka shi ne, waƙar da ta manne wa labari haka, in ka ciro ta ka sa ta a kundi, tana zuwa da kayanta a ka. Mai haɗa kundin dole ya san inda zai sauke ta.

Abin da ke cikin kundin, da inda irinsa ke lalacewa

Yanzu ga batun sayar da abu sau biyu. A kasuwar Japan ta wancan lokaci singil faifai ne mai zaman kansa: babbar waƙar, da ƙarin waƙa ɗaya ko biyu da ake raka ta da su, da kiɗan zalla ba murya, a kan yen 1,000 da 'yan kai. Kundi kuwa kusan yen 3,000 ne. Akwai masoyin da ke sayen kowane singil ranar da ya fito, akwai kuma mafi yawan mutane da suka ji waƙar a talabijin suka ce bari su jira kundi. Ga na biyun, waƙoƙi huɗun nan su ne dalilin sayen, kuma da an cire su da ya ce an cuce shi. Ga na farkon, an bar masa abinsa: waƙoƙin rakiyar singil ɗin, irin su "Neo Moon" da "Dreamin'", ba su cikin waƙa 12 na Birthday. Sauran takwas ɗin sababbi ne. Kashi biyu cikin uku sabo, ɗaya sananne, wannan rabo ne na adalci a wannan kasuwa. Wanda ya cancanci ƙorafinka shi ne kundin da aka cika da singil da waƙoƙin rakiya aka ɗora sababbi biyu ko uku a kai, kuma akwai irinsu.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wahalar kundin farko ita ce waƙoƙin da suka sa aka san ka ba mutum ɗaya ya rubuta su ba, kuma ba don kai aka rubuta su ba. "Irony" da "Nexus" na Kz ne na ƙungiyar kiɗa ta livetune, wanda ya yi suna da waƙoƙin Vocaloid, kiɗan na'ura mai sheƙi da murya da aka goge da kwamfuta har ta yi santsi. "Connect" kiɗanta na goge da fiyano ne mai gudu. "Naisho no Hanashi" ta ryo ce na ƙungiyar kiɗa ta supercell, jita da ganga masu tsalle, kuma shi ne ya rubuta waƙar rufe Bakemonogatari a 2009, wanda Nisemonogatari ci gabansa ne. Ka ga ko zaɓen marubucin ma bukatar shirin aka duba. Tela uku, riga huɗu, kowacce da awon wani. Aikin sababbin waƙoƙi takwas shi ne su sa mai sauraro ya yarda mutum ɗaya ne ke sanye da su duka.

Dubi inda aka ajiye su: "Irony" ta 2, "Nexus" ta 5, "Connect" ta 7, "Naisho no Hanashi" ta 11. Ba biyu da suka haɗa kafaɗa, kuma ba a buɗe ko rufe kundin da ɗayansu ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera sanannun a gaba don a kama kunne, sai rabin kundin na baya ya zama fili fetal, mutum ya kashe tun bai kai ƙarshe ba. A nan an baza su kamar turakun rumfa, ba ka yin waƙa huɗu ba ka tarar da wadda ka sani ba. An kuma ba sababbin waƙoƙi ƙofar shiga da ta fita, wanda ke nuna cewa masu kundin suna so a ji shi a matsayin na ClariS.

Sai kalanda. Shekarar karatu a Japan tana ƙarewa a Maris, sabuwa ta fara a Afrilu. Clara da Alice sun gama ƙaramar sakandare a Maris 2012, kundin ya fito mako na biyu na Afrilu. Waƙar farko sunanta "Sayonara wa Iwanai", wato ba zan yi ban kwana ba. Ta tara "Graduation", bikin gama makaranta. Ta ƙarshe "Zutto", kalmar da ke nufin har kullum. Tsakaninsu akwai "Memory" da "Promise" da "Treasure". Zaren da aka ɗinke kundin da shi ke nan: rabuwa da abokan aji, tuna baya, alƙawarin ba za a manta juna ba, a bakin 'yan mata biyu da a daidai watan suke cikin wannan hali, ana kuma sayar wa matasan da su ma a watan suke canja makaranta. In ka sa "Connect" a tsakiyar wannan, da "Promise" biye da ita, maganar alƙawarinta ta sake samun gida na uku.

Akwai matsalolin da kunne ke kamawa ko da ba ka jin Japananci. Na farko ƙarfin sauti. Singil huɗu da aka gama a lokuta daban, a hannun injiniyoyi daban, ba sa zuwa da ƙarfi ɗaya, don haka kafin a buga kundi sai an sake daidaita su. In aka yi sakaci za ka riƙa kai hannu kana rage murya kana ƙarawa. Na biyu muryar kanta. Tsakanin "Irony" da Birthday kusan wata 18 ne, kuma a shekarun ƙaramar sakandare wata 18 ba kaɗan ba ne ga maƙogwaro. Tsohuwar waƙa kusa da sabuwa tana iya tona wannan tazara. Na uku jinkiri: in kamfani ya jira singil shida ko bakwai, kundin ya koma tarin tsofaffi, in kuma ya yi gaggawa da singil ɗaya, ba abin da zai ja mai saye. Uku zuwa huɗu shi ne inda yawanci suke tsayawa. Na huɗu, wanda ya fi kashe mawaƙa, shi ne shirin ya haɗiye mai waƙar. Mai kallon finafinan Hausa ya san wannan, waƙar da kowa ke rerawa da sunan jarumin da ya taka ta, ba wanda ya tambayi mai muryar. Kundin farko shi ne yunƙurin ƙwato sunan.

Ga yadda nake auna irin wannan kundi, kai ma ka gwada. Saurare na farko, tsallake waƙoƙin anime ɗin gaba ɗaya, ka ji takwas ɗin su kaɗai. In bayan kwana biyu akwai ko guda biyu da suka dawo maka da kansu, kundin ya tsaya da ƙafarsa. Na biyu, ka saurari gaɓoɓin kawai, daƙiƙa goma na ƙarshen kowace waƙa da goma na farkon mai bi mata, ka ji ko an miƙa ka ne ko an jefar da kai. Na uku, daga farko har ƙarshe ba tare da ka taɓa komai ba. A nawa kunnen, takwas ɗin Birthday sun fi singil ɗin laushi, ba kuma wadda ta kai "Connect" kaifi a cikinsu, amma suna riƙe da juna kuma sun bar muryoyin biyu sun fito ba tare da kiɗa ya danne su ba. Wannan hukuncin kunne ne, naka yana iya saɓawa. Kuma wanda ke bin waƙa ta fassara yana samun ma'ana ne kawai, yadda kalmar ta zauna a kan kari ba ya ƙetare fassara.

Kundin ya kai na 2 a jadawalin mako na Oricon, kamfanin da ke ƙididdige cinikin faifai a Japan, kuma a watan Mayun 2012 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Japan, RIAJ, ta ba shi shaidar zinare. Ka san abin da waɗannan ke nufi kafin ka jingina da su. Zinare kwafi 100,000 ne da aka tura shaguna, ba lallai duka sun shiga hannun masu saye ba. Oricon kuma yana haɗa cinikin dukan kalolin faifan wuri ɗaya, ba ya bambanta wanda ya saya don waƙa da wanda ya saya don 'yar tsanar da ke cikin kwalin. Har ranar fitowar ma lissafi ce. Duk kwanaki biyar ɗin da na ambata Laraba ne, domin makon Oricon daga Litinin yake zuwa Lahadi, kaya kuma suna isa shago tun Talata, sai faifan ya samu kwana shida na ciniki a makonsa na farko.

Batun fuska

Wannan gajere ne. A lokacin yara ne 'yan makaranta, dalilin da aka bayar kuma shi ne a bar su su yi karatu. Sai aka mayar da larurar ta zama ado: kowane shiri mai zanensa ya zana su da salonsa. Hiro Kanzaki na Oreimo ya zana su, Ume Aoki ta Madoka Magica ta zana su, Akio Watanabe na jerin Monogatari shi ma haka. Abin da ba ya canjawa shi ne alamominsu, Clara ruwan hoda da jinjirin wata, Alice shuɗi da rana. Illar ita ce ba su iya zagaya gidajen talabijin da shaguna suna tallan kundin kamar sauran mawaƙa, don haka nauyin tallan ya koma kan anime ɗin da kuma kwalin faifan. Alice ta bar ƙungiyar a 2014 bayan kundi na uku, Karen ta maye gurbinta, kuma sai a 2017 suka fara cire abin rufe fuska a gaban masu kallo a wani wasa a Yokohama.

Wanne za ka saya

Kala ukun su ne: faifan waƙa shi kaɗai, wanda suke kira tsujo-ban, mai faifan waƙa da DVD, da mai faifan waƙa biyu wanda aka haɗa da ƙananan 'yan tsanan Nendoroid Petit guda biyu na Clara da Alice bisa zanen Ume Aoki, tsawonsu bai fi na ɗan yatsa ba. Biyun ƙarshe bugu ne mai iyaka, in sun ƙare ba a sake bugawa. Waƙa 12 ɗin iri ɗaya ne a dukansu. In waƙa kake so, ɗauki na farkon, ya fi araha, ya fi sauƙin samu, ya fi sauƙin aikowa. Mai 'yan tsana na masu tara kaya ne, kwalinsa ya fi girma, kuɗin jirgi kuma da girma da nauyi ake yanka shi.

Mai DVD yana da tarko ga wanda ke Najeriya ko Nijar. Faifan waƙa ba shi da shinge, ko'ina zai yi. DVD kuwa ana iya kulle shi da lambar yanki, Japan yanki na 2 ce, ƙasashenmu na 5, sannan tsarin hotonsu NTSC ne. Yawancin na'urorin da ke kasuwanninmu suna karanta kowane yanki, amma ka tabbatar da taka tukuna. A kwamfuta, na'urar faifan kan ba ka damar canja yanki sau biyar ne kacal, daga nan ta kafe a kan na ƙarshe.

Tun da kundin ya haura shekara goma, mai iyakan bugu na hannu za ka samu, sayensa ta intanet kuwa cinikin biri a sama ne in ba ka san abin dubawa ba. Ka nemi hoton bayan kwalin da na gefensa. Lambar kaya ta SME Records da SECL take farawa. Ka nemi tambarin JASRAC, hukumar da ke karɓar kuɗin hakkin marubuta waƙa. Ka tambaya ko obi na nan, wato siririyar takardar da ke naɗe da gefen kwalin mai ɗauke da farashi da lambar kaya, domin rashinta yana rage darajar faifan a wajen masu tarawa, kai kuma dalilin neman ragi ne. Jabun faifan anime da aka riƙa bugawa a Taiwan da sunaye irin su SonMay da Ever Anime ana gane su da baƙuwar lambar kaya, launin bugu da ya dushe, da farashin da ya yi arha fiye da hankali. In mai 'yan tsana ne, ka sa a nuna maka su a hoto, don sau da yawa an cire su an sayar daban. Shagunan Japan da yawa ba sa aikawa waje, sai ta hannun kamfanonin dillanci masu saya maka su tura, su ma da ladansu a kan kuɗin kaya da na jirgi, ga kuma abin da kwastan za su iya nema.

In ta manhajar sauraro za ka bi, ka kula da abu uku. Wasu sunayen da rubutun Japananci aka sa su, don haka ka nemi sunan kundin da na ƙungiyar maimakon sunan waƙa. Ka duba tsawon waƙar, in ka ga minti ɗaya da rabi girman talabijin ce. Sannan ka duba shekara: akwai "Connect" da aka sake rerawa a 2017 da muryar Clara da Karen, an rubuta shekarar a jikin sunanta. Ta Birthday ita ce ta Clara da Alice. Kuma ka kashe maɓallin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi kafin ka danna ta farko.